Makamin Da Ba A Zare Shi Sai Da Izini

Ku dubi wannan ƙatuwar ƙwayar halitta da ke rarrafe a cikin huhu. Sunanta makrofaj. Aikinta haɗiye duk ƙwayar cutar da ta ci karo da ita, kuma galibi a nan magana ke ƙarewa.

Amma ƙwayar cutar tarin fuka ta san kan tsiya. Da zarar an haɗiye ta, sai ta hana jakar da aka kulle ta haɗuwa da jakar sinadaran narkarwa. Ta miƙe ƙafa abinta, tana hayayyafa a cikin wadda ta cinye ta.

Makrofaj ba ta da zaɓi sai neman agaji. Takan ɗauki ɗan guntun furotin na baƙuwar, ta kafa shi a bayan jikinta kan wani maɗauki mai suna MHC rukuni na 2. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T masu taimako, masu alamar CD4, suna wucewa suna dubawa. Da yawa su wuce, ko a jikinsu. Sai wadda ta san wannan guntun takamaimai ce za ta tsaya, ta manne.

Yanzu ku lura da kyau. Saƙo biyu ƙwayar T ɗin take bayarwa. Na farko na taɓi ne: furotin CD40L da ke jikinta ya kama CD40 na makrofaj. Na biyu sinadari ne da take fesawa daidai wurin da suka manne, wato intafiron-gama. A shekarar 1983 ne masanin kimiyya Carl Nathan da abokan aikinsa suka nuna cewa shi ne mai tayar da makrofaj.

Daga nan sai makrofaj ta rikiɗe. Jakunkunan nan biyu su haɗe, ta shiga kwararo naitirik oksaid da iskar oksijin mai guba. Ta kuma saki wani sinadari mai suna IL-12, wanda ke ƙara wa ƙwayoyin T ƙaimi.

Me ya kawo wannan doguwar hanya? Ai gubar ba ta san gida ba. Yadda take ƙona baƙuwa haka take ƙona naman huhu. Gara a jira izini.

Ƙwayoyin CD4 ɗin nan kuwa, su ne cutar ƙanjamau ke karkashewa. Shi ya sa tarin fuka ne ke kan gaba wajen kashe masu ɗauke da ita: makrofaj na nan da makaminta, mai ba da izinin ne babu.