Kibod ba ya aika harafi, lamba yake aikawa: yadda waya ke gane abin da ka danna

Assalamu alaikum jama'a. Yau magana ce a kan abin da ke faruwa idan ka jona kibod na waje da wayarka ta Android, ko ta USB ko ta Bluetooth, ka danna A kawai ka ga a ta fito. Mutane da yawa sun ɗauka kibod ɗin ne ke turo harafin. A'a wallahi, kibod bai san wani abu wai shi harafi ba, abin da ya sani kawai shi ne an danna maɓallin da ke wuri kaza, sai ya turo lambar wurin.

To ku biyo ni a hankali, don lambar nan sai ta canza kaya har sau uku kafin ta zama harafi.

Da farko kibod ɗin zai yi magana da yaren da ake kira HID, wanda kusan duk kibod na USB da Bluetooth ke amfani da shi, a nan maɓallin A lambarsa 4 ce. Lambar na shiga waya sai Linux ya karɓa, don kar ku manta Android a kan Linux aka gina shi, shi kuma yana da nasa jadawalin daban, a wurinsa wannan maɓallin 30 ne. Wannan 30 ɗin ita Android ke kira lambar sikan, wato sikan kod.

Me ya sa 30? Abin ya samo asali ne tun kwamfutar IBM PC ta 1981, inda aka bi maɓallai layi-layi ana ba su lamba, Esc ya samu 1, maɓallin 1 ya samu 2, aka gangaro layin ƙasa Q ya samu 16, aka sake gangarowa A ya faɗa kan 30. Kun ga kenan ba tsarin abacada aka bi ba sam, wurin zama aka bi. Wayar da ke hannunka yanzu haka tana ɗauke da lissafin da aka yi shekara sama da arba'in baya, ni abin yana burge ni gaskiya.

Yauwa, daga nan sai Android ya buɗe wani ɗan fayil mai ƙarewa da .kl, ana ajiye su a /system/usr/keylayout, kuma rubutu ne zalla ba wani abin tsoro ba. A cikin Generic.kl, wato fayil ɗin gama-gari, akwai layin da aka rubuta key 30 A, shikenan, layin nan ne ke cewa duk lokacin da 30 ta zo a mayar da ita KEYCODE_A, wanda lambarsa a Android 29 ce. Eh, 30 ta koma 29, kusancin nan dacewa ce kawai kar ya ruɗe ku, don Enter 28 ne a Linux amma 66 a Android, maɓallin ƙara sauti na gefen waya 115 ne ya koma 24, na kashewa da kunnawa 116 ya koma 26. Ashe har maɓallan gefen waya ta wannan hanyar suke bi.

Kuma kafin waya ta koma kan Generic.kl sai ta fara neman fayil ɗin da aka yi wa na'urar musamman, wanda sunansa ke ɗauke da lambar kamfani da lambar samfur. Shi ya sa wani lokacin ka sayi abin buga gem ko rimot mara suna ka ga wani maɓalli ya ƙi aiki ko yana yin abin da ba shi aka rubuta a kansa ba, ba lalacewa ya yi ba, lambar tana zuwa lafiya lau, layin da zai fassara ta ne babu ko kuma ya nuna wani abu daban.

Har yanzu fa ba mu kai ga harafi ba. 29 tana nufin maɓallin A ne kawai, ƙaramar a ce ko babba, wannan aikin wani fayil ne mai ƙarewa da .kcm, shi ke duba ko Shift na danne ko Alt. A nan ma ake gyara maganar yare, misali kibod ɗin Faransa da A ke zaune a inda muka saba ganin Q, idan ka danna ta lambar sikan 16 ce za ta fito kamar a kowane kibod, in ba ka shiga saitin ka zaɓi tsarin Faransanci ba q za ka gani. Haka ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu, babu wata lambar sikan tasu, a wannan matakin na ƙarshe ake samar da su.

Masu rubuta manhaja, don Allah ku riƙe getKeyCode mai ba da lambar Android irin 29, ku bar getScanCode mai ba da lambar sikan irin 30 sai in dole, Android da kansu sun faɗa cewa lambar sikan tana bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Sannan kibod ɗin kan allo irin Gboard yawanci ba ya bin wannan hanyar ma kwata-kwata, rubutun yake miƙa wa manhaja kai tsaye, shi ya sa a burawza za ka ga duk harafin da ka taɓa 229 ake nuna maka a matsayin lambar maɓallin.

Wanda ke son gani da idonsa ya jona waya da kwamfuta ya rubuta adb shell getevent a kwamfutar (adb manhaja ce ta aika wa wayar Android umarni daga kwamfuta), ya danna A a kibod ɗin, zai ga 001e ta fito sau biyu, ɗaya da 1 a ƙarshe lokacin dannawa ɗaya da 0 lokacin saki, 1e ɗin nan ita ce 30 a lissafin heksa, wato lissafi mai tushe 16. Ku gwada da Enter ku gaya min abin da ya fito muku.