Sharhi: Sirrin gwamnati a gidan haya

Masu sauraro, a yau kusan duk sanarwar da ke fita daga sakatariyar ƙaramar hukuma zuwa ga hakimai da dagatai da ma'aikatan asibitocin karkara, daga Auyo har Kafin Hausa, ta WhatsApp take bi. Jadawalin rigakafi, sunayen waɗanda ambaliya ta ci gonakinsu, har takardun albashi. Saƙon a kulle yake, kamfanin Meta, mai WhatsApp, ba ya karanta shi. Amma lambobin waya da sunayen mambobin kowane zaure suna hannunsa, kuma tun 2018 dokar Amurka ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanoninsu ko a wace ƙasa aka ajiye su. Ranar 4 ga Oktoban 2021 manhajar ta ɗauke kusan awa shida. Mai haya ba ya da ta cewa, sai jira.

Irin wannan dogaro da kamfanin waje ne ya sa wasu ƙasashe suka koma tsarin aika saƙo na Matrix, wanda aka fara a 2014. Aikinsa kamar na imel ne: kowace hukuma tana da sabarta, wato kwamfutar da ke riƙe asusun ma'aikatanta, sabobin kuma suna magana da juna. Zauren da ya haɗa ma'aikatu uku yana da kwafi a kowace saba, idan ɗaya ta mutu sauran biyun su ci gaba. A kansa Faransa ta gina Tchap, manhajar saƙon ma'aikatan gwamnatinta, a 2019, sojojin Jamus kuma suka gina tasu, BwMessenger.

Idan jihar Jigawa za ta kafa tata sabar, kayan aikin ba su da yawa: adireshin intanet na gwamnati, kwamfuta mai ɗauke da Synapse, manhajar da ke tafiyar da sabar, da rumbun adana bayanai na PostgreSQL, sai manhajar Element ta aika saƙo a wayar ma'aikaci. Asusun ba ya rataye a layin waya. Ofis ne ke buɗe shi, ofis ne ke rufe shi ranar ritaya ko canjin aiki.

Wahalar tana wajen riƙo. Sabar da aka ajiye a sakatariyar da ke jiran janareta ba za ta kai ko'ina ba. Wurinta Dutse ne ko wata cibiyar bayanai mai tsayayyar wuta, da ma'aikacin da zai riƙa sabunta ta yana kwafe rumbun kullum. Saƙon murya da hotuna, waɗanda mutanenmu suka fi aikawa, suna cika ma'ajiya da sauri, don haka a tsayar da wa'adin goge su tun farko. Sai mabuɗin ceto, wato lambar sirrin da ke buɗe wa ma'aikaci tsofaffin saƙonninsa a sabuwar waya. Malamin asibitin da wayarsa ta faɗa ruwa, idan bai rubuta wannan mabuɗi ya adana ba kuma ba shi da wata na'urar da ya shiga da ita, tsofaffin saƙonninsa ba za su buɗu ba, ko mai kula da sabar ba zai iya komai ba.

Ƙofar rajista ma a tsare ta. Ranar da aka buɗe Tchap, wadda masu imel na gwamnati kaɗai aka yarda su yi rajista, wani mai bincike ya kutsa ta hanyar manna adireshin fadar shugaban Faransa a ƙarshen imel ɗinsa. An toshe ɓarakar cikin sa'o'i. Sabar jiha kada ta bar kowa ya yi wa kansa rajista, kuma a rubuta jerin sabobin da aka yarda ta yi hulɗa da su.

Ƙauyen da babu sabis kuwa, wannan duk bai kai gare shi ba, domin turakun sadarwa har yanzu na kamfanoni ne.