Darasin lissafi: lambar 2,147,483,647

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗauko biro da takarda, yau lamba guda ɗaya tak za mu tasa a gaba. Ga ta nan a allo: 2,147,483,647. Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai.

To, cika ce ko mara? Ta ƙare da 7, mara ce, 2 ba ta raba ta. Ku tara alƙalumanta, za ku samu 46, wato 3 ma ba ta raba ta. In kun ga dama ku gwada 7 da 11 da 13, kowane lokaci sai an bar saura. Babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Irin wannan lamba ce nake kira gagara-rabo, wadda a aji kuka sani da firam.

Daga ina ta fito? Ku rubuta 2 har guda 31, ku yi ta bugawa da juna, za ku samu 2,147,483,648. Cire 1, ga lambarmu. Gagara-rabo mai wannan siffa ana jingina ta ga Marin Mersenne, wani malamin coci na Faransa da ya rubuta jerinsu a 1644. Amma a kula, ɗalibai da yawa suna zamewa a nan. Ba kullum hanyar take haifar da gagara-rabo ba. Gwada da 11, wato 2 guda 11 a maimakon 31, ka cire 1: za ka samu 2047, ita kuwa 23 sau 89 ce.

Wanda ya tabbatar da tamu shi ne Leonhard Euler, a 1772, yana zaune a Rasha, idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Wallahi duk sanda na tuna haka sai jikina ya yi sanyi. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san in akwai mai raba ta, dole a samu ɗaya ƙasa da 46,341, kuma dole in an raba wannan ɗin da 62 a bar saura 1. Nan take aikin ya ragu, ya gwada 'yan da suka saura, babu wadda ta shiga.

Ita ce kuma iyakar ƙirgen tsofaffin manhajojin kwamfuta masu gurbi 32, wato wurare 32 da kowanne ke ɗaukar 0 ko 1, domin gurbi ɗaya na alamar ƙari ko ragi ne, saura 31 ne na ƙirge. Agogonsu yana ƙirga daƙiƙa tun 1 ga Janairu 1970, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar, daga nan sai ya koma 1901.

Aikin gida: ku yi da 13, za ku samu 8191. Ku bincika min ko tana rabuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.