Ango na nesa, amarya na Sakkwato: abin da ake yankewa kafin a raba goro

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga birnin Shehu. Yau maganar masoyan da hanya ta raba za mu yi: shi yana Legas ko Makka ko Malesiya, ita tana Mabera ko Arkilla, waya ce kawai ta haɗa su. Allah shi gafarta Malam, ɗaurin aure ba ango a wurin, ya inganta?

Malam: Ya inganta, ɗiyata. Ai ko yana gari, wakili ke karɓa masa. Abin da ake nema huɗu ne: waliyyi, sadaki, shaidu biyu adilai, da siga, wato lafazin bayarwa da karɓa. Sadaki a mazhabar Malikiyya ba ya gaza rubu'in dinari. Matsalar na nesa ita ce wakilcin. Ya faɗi da bakinsa wa ya wakilta, wace yarinya, sadaki nawa, mutum biyu da suka san muryarsa suna ji. Kar a dogara da saƙon WhatsApp da aka turo daga wayar aboki.

Hajiya: Ni Malam, kafin a kai ga nan ma ina da magana. Wanda aka sani ta waya ba a san shi ba tukuna. A tura babban mutum garinsu, ya ga mahaifinsa, ya tambayi liman da mai unguwa. A kuma nemi wanda ke zaune a garin da yake aiki: da wa yake kwana, yana da wata matar a can? Sannan gwajin jini. Shi ne aka fi yi wa wasa, a ɗauko hoton takarda a turo.

Mai gabatarwa: Hoton bai isa ba ke nan, Hajiya?

Hajiya: Ina! Takarda ai kowa na iya buga ta. Ranar da ya zo gaisuwar iyaye, su je tare Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani asibitin da aka yarda da shi, a duba rukunin jini na sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta. In shi AS ne ita ma AS, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba ne sauran su tsira. Na ƙanjamau kuma a maimaita bayan wata 3, don sabon kamu ba lalle ya fito a gwajin farko ba. Shi ya sa ba a jinkirta gwaji har sai an sa rana an kawo lefe, lokacin kunya ta hana kowa ja da baya.

Malam: Ga kuma inda rigima ta fi yawa: an ɗaura aure, ango ya koma, amarya na gidan ubanta. Wa ke ciyar da ita? Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a fili, ciyarwa ba ta hau kan miji ba sai ya tare da ita, ko an kira shi ya tare. To uba na ganin ya aurar, miji na ganin ba a kawo masa ba, yarinya na tsakiya. In aka rabu a wannan hali kafin tarewa, rabin sadaki gare ta, babu idda.

Hajiya: Don haka nake cewa a sa ranar tarewa kafin a sa ta ɗaurin aure. A kuma faɗi ɗakin. Gidan surukai za ta zauna ko haya za a kama? In gidan surukai ne, tukunyarta daban ko haɗe? Kuɗin cefane ta hannun wa zai biyo? Mafi yawan ɓacin rai daga nan yake: miji ya turo wa ƙanensa, ƙane ya kai wa Inna, amarya sai ta roƙi kuɗin sabulu. Ya buɗe mata asusunta, ya tura nata daban, na mahaifiyarsa daban, a rana sananniya kowane wata. Hatsi kuwa a saye shi da kaka, buhun gero da na shinkafa a ajiye, kafin bazara ta ɗaga farashi.

Mai gabatarwa: Wanda ke son ɗaukar matarsa zuwa waje fa?

Malam: Takardu. A karɓi takardar shaidar aure a kotun shari'a tun da wuri. Ofisoshin jakadanci kan nemi Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga mata hatimi. Sunan amarya ya zo iri ɗaya a NIN da fasfo da takardar aure. A rubuta Aishatu nan, Aisha can, sai a maido ka baya. Kuma ya bincika ko irin bizarsa ta ba shi damar kawo iyali. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗaliban ƙasashen waje ɗauko iyalansu, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyi. Wanda bai san haka ba zai yi wa surukai alkawarin wata 6 da ba zai cika ba.

Mai gabatarwa: Waya kuma, tana riƙe aure?

Hajiya: Tana taimakawa in an tsara ta. Saudiyya ta riga mu da awa 2, Malesiya da awa 7. In ta idar da isha'i ta kira, shi can Malesiya dare ya raba. Sai a fara "ba ka ɗauka ba", "da wa kike magana". A zaɓi lokaci ɗaya a tsaya a kai. Faɗa kuma kar a yi shi a rubuce.

Malam: Musamman kalmar saki. Rubutaccen saki na aukuwa in ya tabbata shi ya rubuta da niyya, kuma saƙon waya rubutu ne. Daga baya ya ce wasa yake, alƙali ba zai ji wannan ba.

Mai gabatarwa: Iyakar daɗewar da aka yarda miji ya yi fa, Malam?

Malam: An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi ɗiyarsa Hafsa iya haƙurin mace, sannan ya hana a riƙe mayaƙi fiye da wata 6 bai koma gida ba. In ya daɗe har ta cutu, ko ya yanke ciyarwa, tana da ikon kai ƙara. Alƙali zai aika masa ya zo, ko ya ɗauke ta, ko ya sauwaƙe mata. Wanda ya ɓace ba labari kuwa hukuncinsa daban: shekara 4 daga ranar da alƙali ya yanke bayan bincike, sannan takaba wata 4 da kwana 10.

Mai gabatarwa: Mako mai zuwa za mu ɗauko wannan ta ɓataccen miji dalla-dalla. Malam, Hajiya, Allah shi saka da alheri.