Amsoshin Tambayoyinku: Mu da Sinawan Legas

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na Amsoshin Tambayoyinku daga nan Ikko. Wasiƙu huɗu muka ware a makon nan, kuma duk a kan magana ɗaya suke, wato hulɗarmu da Sinawa da ƙungiyoyin zumunta da su da ake ta jin labarinsu a unguwanninmu. Biyu daga cikin masu wasiƙun sun roƙi kada a ambaci sunansu, sai muka yi musu kuɗin goro gaba ɗaya.

Ta farko daga wani Malam ce mai shagon kayan masarufi a Zangon Agege. Ya ce: "An kawo mini takardar gayyata daga wata ƙungiya mai ƙulla zumunta tsakaninmu da 'yan Chana. Me suke yi takamaimai? Ko dai taron manya ne, a ci, a sha, a ɗauki hoto, a watse?"

To Malam, akwai na hoton, ba za mu ɓoye maka ba. Amma akwai masu aiki. Akwai ƙungiyar zumuntar Najeriya da Sin ta ƙasa, wadda ake kira NICAF, sannan akwai ƙanana da 'yan kasuwa ko waɗanda suka yi karatu a can suke haɗawa a tsakaninsu. Ayyukan da aka fi gani su ne bikin sabuwar shekarar Sinawa, gasar ƙwallon tebur, kai kayan abinci gidajen marayu, raba littattafai da kujeru a makarantun firamare, da ɗan ajin koyon gaisuwa. A ganina dai, wanda ya fi duka amfani shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa, wato sulhun kasuwa. Ka yi odar kaya, an kawo maka abin da bai yi kama da samfurin da aka nuna maka ba, kai ba ka jin yarensa, shi ba ya jin naka. Idan ƙungiya tana da tafinta da dattawan da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsu, sau da yawa a zama ɗaya ake kashe wutar, ba a kai ga ofishin 'yan sanda ba.

Ga ma'aunin da za ka auna su da shi. Ka tambaye su, yaushe rabonsu da zuwa Agege? Idan kullum kai ake kira otal a Victoria Island, su ba su taɓa taka Zango sun gaida Sarkin Hausawa ba, ba su zo barka da Sallah ba, to da sauran aiki, don zumunta a ƙafa take.

Kuma Malam, kada ka ɗauka Sinawa baƙin jiya ne. A ranar 10 ga Fabrairun 1971 Najeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci, amma tun shekarun 1960 masu masana'antu daga Hong Kong suka shigo. Su suka kafa masaƙar UNTL a Kaduna. Nan kusa da kai a Ogba akwai titin Wempco, sunan kamfanin wasu Sinawa ne da suka daɗe suna ƙera kwanukan samira, irin waɗanda iyayenmu mata suka riƙa jerawa a ɗakin amarya. Jirgin ƙasan da ke ratsa Agege zuwa Oyingbo, wanda aka ƙaddamar a 2024, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi aikin layinsa, haka ma na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Idi-Araba, mai sayar da atamfa da leshi. Ta ce matar abokin cinikinta ta gayyace ta bikin sabuwar shekararsu da ƙungiya ke shiryawa. Tana son zuwa, amma tana tsoron abincin, kuma ba ta san tsarabar da za ta riƙa ba.

Hajiya, ki je. Bikin yana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, don da wata suke lissafinsa. Shi ne babbar sallarsu. Za ki ga rawar zaki da ganguna, ko'ina an yi ado da ja, manya suna ba yara kuɗi a cikin jan ambulan, tamkar goron Sallah.

Maganar abinci kuwa, tsoronki yana kan hanya. Akwai wani ƙullin fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama a dafa, suna ce masa jiaozi. A wurin mutanen arewacin Sin bikin ba ya cika sai da shi, kuma galibi da naman alade ake yinsa. Suna kuma zuba giyar shinkafa a girki, har a kifi da kaza, ta yadda ido ba zai gane ba. Kek ɗin da ake rabawa a bikinsu na tsakiyar kaka, mai siffar cikakken wata, shi ma wani da kitsen alade ake kwaɓa shi. Saboda haka ki faɗa mata tun kafin ranar, kada ki bari sai an ajiye faranti a gabanki. Ba za ta ji haushi ba, don ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Musulmin ƙasar Sin sun haura miliyan 20, kuma duk ɗan kasuwarmu da ya je Guangzhou ya san tsohon masallacin Huaisheng. Kalmarsu ta halal ita ce qingzhen, ana furta ta kamar "cing-jan". Ki riƙe ta. Idan aka ɗaga kofuna ana taya juna murna, ki ɗaga na shayi, ya wadatar.

Tsaraba kuma, a nan ne mutanenmu ke yin tuntuɓe. Mu agogon bango kyauta ce ta girmamawa, har a biki ake rabawa. A wurinsu kuwa furucin "ba da agogo" ya yi daidai da furucin raka gawa. Kada ki kai. Kada kuma ki ce za ki burge maigidanta da koriyar hula saboda launin tutarmu, domin a wurinsu namiji mai koriyar hula shi ne wanda matarsa ke cin amanarsa. Wata hular zanna mai wani launi ta yi, ko kilishi, ko dabino, ko turmin atamfa daga shagonki. Ki miƙa da hannu biyu. Idan ta ƙi karɓa sau ɗaya ko biyu, kara ce irin tamu, ki nace. Idan ta ajiye ba ta buɗe a gabanki ba, ba raini ba ne.

Ta uku gajeriya ce, daga wani matashi mai lodin tumatir a kasuwar Mile 12. Yana tambaya ina zai koyi Sinanci, kuma wai da gaske ne ya fi ƙarfin Bahaushe?

Ɗan'uwa, akwai Cibiyar Confucius mai koyar da Sinanci a Jami'ar Legas da ke Akoka, ka je ka tambayi lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. Jarrabawar da ake auna ƙwarewa da ita sunanta HSK, hawa-hawa ce. Rubutun ne mai wuya. Furucin kuwa kai ke da riba, don harshenmu ma da karin sauti yake aiki. Ka faɗi kuka na hawaye, ka faɗi kuka ta miya, ka ji yadda murya ta sauya. Haka nasu yake, sai dai karin nasu huɗu ne. A Sinanci "mai" na nufin saya, "mai" kuma na nufin sayarwa, murya ce kawai ke raba su. Ɗan kasuwa sai ya kula.

Wasiƙar ƙarshe da zafinta ta zo. Mai ita ma'aikaci ne a wata masana'anta a yankin Ikeja. Ya ce: "Wace irin zumunta kuke ta yabo? Awa goma sha biyu muke yi a tsaye, ba takardar ɗaukar aiki, in inji ya ci yatsanka sai a sallame ka. A ba marayu shinkafa, mu a hana mu haƙƙinmu?"

Bawan Allah, gaskiyarka, kuma ba kai kaɗai ke wannan kuka ba. 'Yan Kantin Kwari da marinan Kano sun daɗe suna ƙorafi a kan atamfa da rinin da ake shigowa da su da araha. Ba mu manta da Afrilun 2020 ba, lokacin korona, da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga masaukansu a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotunan bidiyo. Buhun shinkafa ba ya goge irin wannan.

Sai dai ka raba abu biyu. Haƙƙinka na ma'aikaci ba alfarmar wata ƙungiya ba ce, doka ce. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma naira 70,000 ne tun 2024. Ku haɗa kai ku kai ƙara ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, in ta ƙi ci akwai Kotun Ma'aikata. Ku riƙa ajiye shaidar biyan albashi da takardun asibiti. Ita kuma ƙungiyar zumunta, idan an gayyace ku taro, kada ku ƙaurace. Ku je da wakili mai iya magana, ya faɗi wannan a gaban masu masana'antun cikin ladabi, a rubuta a takardar taro. In suka ce ba wurinsa ba ne, ka sake rubuto mana, za mu gayyaci shugabanninsu nan ɗakin watsa shiri su amsa da bakinsu.

Lokaci ya ƙure mana. Akwai wasiƙar wani Alhaji daga Alaba Rago a kan yadda ake tura kuɗin kaya zuwa Sin ba tare da an bi ta dala ba, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.