Sharhi: A Bar Tsofaffinmu Su Taka Ƙasa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, muna yi mata kallon biyayya ga iyaye, alhali cutarwa ce. Da zarar uba ya haura sittin, ko ya yi ritaya, sai 'ya'ya su taru su zaunar da shi. "Baba ka huta, ai ka gama naka." A saya masa kujera mai laushi, a kunna masa talabijin, masallacin da bai wuce gida biyar ba a ce jika ya kai shi a babur. Hajiya kuwa in ta ɗauki tsintsiya sai a karɓe: "Haba Hajiya, muna gidan?" Buta ma sai an kai mata har bakin ƙofa. Shekaru kaɗan a tsakani, Baba ya fara maimaita tambayar da aka amsa masa yanzu-yanzu, ya riƙa rikicewa a lissafin raka'a, wata rana ya fita ya kasa gane hanyar gida. Sai a tafa hannu a ce gigin tsufa ne, Allah ya sa mu cika da imani. Amin. Amma wa ya zaunar da shi?

Cutar mantuwa ba tsufa ba ce, cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffi da yawa na kaiwa casa'in da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kusan miliyan 10 na kamuwa duk shekara, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe irin namu ne, masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Don haka wanda ke cewa ciwon Turawa ne ya sake tunani.

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Rashin motsa jiki na ciki. Haka hawan jini, ciwon suga, ƙiba, ciwon damuwa da zaman kaɗaici. To ku dubi jerin nan da kyau. Wanne ne a ciki zaman kujera ba ya ƙara wa ƙarfi? Wanne ne tafiya ba ta rage wa kaifi? Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma ita ke shanye kusan kashi 20 na iskar da jini ke rabawa. Ƙananan jijiyoyi ne ke kai mata jinin, su ne kuma hawan jini da suga ke lalatawa a hankali, ba zafi ba ciwo, har sai ɓarna ta bayyana. Tsohon da ke tafiya yana kare waɗannan jijiyoyi. A hanya kuma ya gaisa da mai shayi, ya tambayi farashin gero, ya yi jaje can ya yi barka can, duk aiki ne ga ƙwaƙwalwa. Wanda aka zaunar ya rasa duka biyun.

A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya raba tsofaffi 120 gida biyu. Kashi ɗaya suna tafiya da ɗan sauri sau uku a mako har shekara guda, ɗaya kashin suna miƙe gaɓɓai kawai. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, sashen da ke ajiye sababbin abubuwan tunawa ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a wajen masu tafiya, ya kuma ragu a wajen sauran. Tafiyar ƙafa ce fa kawai, ba wata na'ura, ba ko sisi.

Nan gida ma muna da shaida. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Indiyana suka fara bibiyar tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis na Amurka. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna masu kamuwa da cutar a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma hawan jini, suga da kitsen jini duk sun fi ƙaranci a Ibadan. Ni abin da ke tayar mini da hankali shi ne, irin rayuwar da ta kare waɗancan tsofaffi ita muke zubarwa da hannunmu. Kakanninmu sun je gona da ƙafa, sun ci kasuwa da ƙafa, sun yi zumunci da ƙafa. Yau daga bakin layi zuwa bakin layi sai an tare a-daidaita-sahu, mu ce ci gaba ne.

Na san abin da za a ce. "Ai ƙaddara ce." Hawan jini ma ƙaddara ne, amma ban ga wanda ya ƙi saya wa mahaifinsa magani saboda haka ba. An ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma kowa ya san ladan da aka faɗa a kan kowane taku zuwa masallaci. Da wane dalili za mu raba dattijo da lada da lafiya lokaci ɗaya? Wani kuma ya ce, "In ya faɗi ya karye fa?" Zaman ne ke kashe ƙafa, ƙafar da ta mutu kuwa ita ce ke kayar da mutum a banɗaki. In kana tsoron faɗuwa, saya masa sanda da takalmi mai kama ƙasa, ka haɗa shi da jika su tafi tare. Sai masu cewa mutane za su yi surutu, a ce ga 'ya'ya da motoci sun bar uwarsu tana yawo a ƙasa. Haba jama'a! Surutun unguwa ne ya fi, ko ranar da za ta dube ka ta tambayi ɗan wane ne kai?

Ba zan yi muku alƙawarin ƙarya ba. In cutar ta riga ta kama, motsa jiki ba ya dawo da abin da ya tafi. A Ingila an gwada a kan mutum 494 masu cutar, sakamakon 2018 ya nuna jikinsu ya yi ƙarfi amma mantuwar ba ta ja baya ba. Wannan ai hujja ce a kanmu: a fara tun da wuri, tun ana arba'in da hamsin, kada a jira sai Baba ya manta sunan autansa. Shi ma wanda ya riga ya kamu, kulle shi a ɗaki zalunci ne. A riƙe hannunsa a zaga da shi, don ƙafar da ke aiki ita ke hana shi kwanciya gaba ɗaya, ta kuma sauƙaƙa wa masu jinya.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema ga wanda ya kai 65 bai fi ƙarfin kowa ba: aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan hau amma ana iya magana. A ƙara da abin da ke ƙarfafa tsoka da saita tsayuwa, kamar tashi daga kujera a koma ba tare da dafa hannu ba. A zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar saboda rana, a sha ruwa. Matan da ba sa fita, tsakar gida ta ishe su: a mayar wa Hajiya tsintsiyarta, a bar ta ta ba awaki dusa, ta taka zuwa gidan suna. Mai ciwon zuciya, ko wanda ƙirji ke riƙe wa ko jiri ke ɗiba in ya yi tafiya, ya fara ganin likita. Ku kuma ma'aikatan lafiya, in kun gama auna wa dattijo jini, ku tambaye shi yaushe rabonsa da tafiyar rabin awa, ku juya ku tambayi ɗan da ya kawo shi a mota me ya sa.