Akori-kurar da ke mutuwa idan ta ɗauki zafi

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zancen tsohuwar akori-kura za mu yi, irin wadda za ta tashi lafiya lau da safe, a yi tafiyar kamar minti 20, sai ta mutu a tsakiyar titi. A bar ta ta huce, a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Ina tare da Baba Ɗanlami, bakanike, da Yakubu, rewaya. Baba, sannu da zuwa.

Baba Ɗanlami: Yawwa 'yata, sannu kadai. Ni duk wanda ya kawo min irin wannan motar, kafin in taɓa banat sai na tambaye shi yadda ta mutu. Ta yi tari ne, tana fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, sannan ta tsaya? Ko kuwa ɗif ta yi, kamar an kashe makulli? Idan ta yi ta jan rai kafin ta tsaya, mai ne ba ya isa. Idan lokaci ɗaya ta yanke, to aikin Yakubu ne, wuta ce.

Yakubu: Haka ne Baba. Kuma in motar tana da agogon da ke nuna juyin inji, a sa masa ido. Ana cikin gudu, giya tana ciki, inji yana juyawa da ƙarfin tayoyi, amma allurar ta faɗi ƙasa nan take, to sigina ce ta ɗauke daga distributa, mai raba wa fulogai wuta, ko daga modul, ɗan akwatin lantarkin da ke kunna wa kwayil wuta yana yankewa. In mai ne ya yanke, allurar za ta riƙa sauka a hankali tare da gudun motar.

Hadiza: To amma Malam Yakubu, mai motar zai ce maka ya kai ta gareji, an duba, an ce lafiyarta ƙalau.

Yakubu: Ai dole a ce lafiyarta ƙalau, tun da da ƙafarta ta zo. Wannan ciwon ba ya kamuwa sai lokacin da take a mace. Shi ya sa nake cewa direba ya ajiye ɗan abin gwajin wutar fulogi a cikin mota. Tana mutuwa, ka sauka gefen hanya, ka cire wayar fulogi ɗaya ka haɗa, wani ya yi maka kik. In ka ga wuta shuɗiya tana tsalle tana ƙara tas-tas, wuta lafiya. In ja ce mai rauni, ko babu gaba ɗaya, ka san inda za ka nufa. Kada dai a riƙe wayar da hannu, wutar nan ta wuce bolt 20,000.

Baba Ɗanlami: In kuma akwai wuta, ka cire murfin matatar iska, ka leƙa cikin kafireta, ka motsa totur da hannu. Ya kamata ka ga fetur ya tsarto. Amma a kashe inji kafin a leƙa, kuma kada mutum ya sa fuskarsa a kai ana yin kik. Tana iya amayo wuta.

Hadiza: Me ya sa zafi ne yake kawo abin? Ni abin da ya ɗaure min kai ke nan.

Yakubu: Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa. Cikin kwayil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, akwai siririyar waya da aka naɗe dubban zagaye. In ta ɗan tsinke a wani wuri, da sanyi bakin biyu suna taɓa juna, da zafi su rabu. Modul ma haka, haɗin da ke cikinsa yana saki. Akwai wanda ya yi suna a kan wannan, modul ɗin Ford da ake kira TFI, wanda suka fara sakawa wajen 1983, har da F-150 da Ranger. A jikin distributa suka ɗaure shi, inda zafin inji yake dukansa kai tsaye. Abin ya kai har kotu, a shekarar 2000 wani alƙali a Kalifoniya ta Amurka ya ba da umarnin a janyo motocin a gyara. A samfuran baya kamfanin ya ɗauke modul ɗin daga jikin distributa, ya mayar da shi gefe a kan wani ƙarfe mai shanye zafi.

Baba Ɗanlami: Na Chevrolet fa? Distributa mai babbar hula ɗin nan.

Yakubu: HEI ke nan, wanda ya zama gama-gari a motocin GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, daga 1975, kwayil yana zaune a saman hular. Shi modul ɗinsa yana ciki, kuma akwai wani farin man shafawa da ake sa masa a ƙasa don ya miƙa zafi ga jikin distributa. Yara da yawa sai su sa sabon modul a bushe, ko su shafa masa giris. Ba ya daɗewa sai ya ƙone, a ce kayan yanzu ba kyau. Sannan akwai ƙaramin kwayil mai ba da sigina a ƙarƙashin rota, wayoyinsa biyu sirara ne, kuma kullum suna motsi duk lokacin da iska ta ja farantin taimin. Suna karyewa daga cikin roba, ido ba ya gani. Ka sa mita, ya kamata ya ba ka tsakanin om 500 zuwa 1,500, sai ka riƙa girgiza wayoyin. In lambar tana tsalle, ka kama ɓarawo.

Hadiza: Baba na ga kana girgiza kai.

Baba Ɗanlami: Ai 'yan rewaya komai wuta ne a wurinsu. Ni kuma na sha ganin an canza modul, an canza kwayil, an canza hula da rota, ashe murfin tanki ne ya toshe. Iska ba ta shiga tankin, famfo yana ja yana ja har ya kasa. Gwajin ba ya cin ko sisi: tana mutuwa ka buɗe murfin, in ka ji ya ja iska fuuu kuma ta tashi, shi ke nan. Sannan a masu kafireta, famfon mai ƙarfinsa bai wuce psi 4 zuwa 7 ba. In bututun mai ya bi kusa da salansa, fetur yana tafasa a ciki ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Ga dattin tanki. Tsatsa tana taruwa a bakin matata ana cikin tafiya, in an tsaya ta koma ƙasa, mota ta sake tashi. Mai ita ya rantse zafi ne, alhali tsayuwar ce ta yi maganin.

Yakubu: Wannan na yarda, Baba. Shi ya sa gwajin wutar nan yake gaba da komai, don kada mu yi ta musu ni da kai.

Hadiza: Wani mai sauraro ya tambaya, tasa tana kamawa muddin yana riƙe da makulli a wurin kik, yana saki sai ta mutu.

Yakubu: In tsohuwar Dodge ce, ko kowace mota mai irin tsarin, ya duba wani farin abu mai kama da tangaran da ke ɗaure a bangon da ya raba inji da direba. Rizista ce mai rage wa kwayil wuta. Lokacin kik, wuta tana tsallake ta, ta je kwayil kai tsaye. Ana sakin makulli sai wutar ta koma bi ta cikinta, in ta ƙone hanya ta yanke. In ba ita ba ce, to kan makullin ne ya cinye.

Hadiza: Wadda kuma take gudu lafiya, sai an zo tsayawa ta mutu?

Baba Ɗanlami: Wannan silo ne, wato juyin inji lokacin da ba a taka totur ba, ba ruwansa da abin da muke faɗa. A bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya, tsufa yana tsattsaga su. In mai nozul ce, a wanke bawul ɗin silo da bakin totur, a duba bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, ko ya maƙale a buɗe.

Hadiza: Na'urar da ake jonawa ta karanta matsala fa, ba za ta taimaka ba?

Yakubu: Wadda kowa ya sani, OBD-II, sai daga 1996 ta zama dole a Amurka. Amma tsofaffin GM masu kwamfuta suna magana da fitila. A ƙarƙashin dashbod akwai soket, ka haɗa ramin A da B da guntuwar waya, ka buɗe makulli ba tare da kik ba. Fitilar inji za ta ƙifta sau ɗaya, ta dakata, ta ƙifta sau biyu, wato 12, alamar tsarin yana aiki. Bayan ta maimaita sau uku sai sauran lambobi su biyo. In ka ga 42, ɓangaren modul da taimin ne.

Baba Ɗanlami: Kafin duk wannan dai a taɓa kan batir. In yana juyawa da hannu, ko wayar at, wato wadda ke tashi daga nagatif ɗin batir zuwa jikin inji, ta yi kore, a wanke a ɗaure tukuna.

Yakubu: Batir a kashe ya nuna bolt 12.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5.

Hadiza: To madalla. Baba, Malam Yakubu, mun gode, Allah ya ƙara basira. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.